Ku Tambaya Mu Amsa: Kai Ɗalibai Birni a Ƙarshen Shekarar Karatu

Da zarar zango na uku ya raba tsakiya, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili sai su karkata kan abu guda, wato fita da ɗalibai ziyarar gani da ido, abin da 'yan makaranta ke kira eskoshon. Ga waɗanda muka zaɓo a wannan fitowa. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare a Gumel. 'Yan aji shida su 50 sun dage sai an kai su Abuja kafin su fita, iyaye kuma sun ce ba su yarda a kwana ba. Zai yiwu? In ba zai yiwu ba, ina za mu dosa?

Amsa: Ranka ya daɗe, lissafi ne ya hana, ba mu ba. Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne, daga Kano zuwa Abuja kuwa ya haura 400. Motar da ta ɗauko yara, in aka haɗa da tsayawar fitsari da shingayen jami'an tsaro da ratsa Zariya da Kaduna, da ƙyar take cin kilomita 60 a awa ɗaya. Awa tara ke nan zuwa, awa tara dawowa. Me ya rage na gani? Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, lokacin da za a yi a mota kada ya fi wanda za a yi a cikin birnin, kuma a sauke yara a makaranta kafin magariba. A watan Yuli ma dalili biyu ne, don hadari ya fi haɗowa da yamma, ga ramukan titi da ruwa ke ɓoyewa.

Kano ta ishe ku, har ta yi yawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jera wurare shida ko bakwai a takarda, daga ƙarshe yara ba su ga komai ba sai hawa da sauka. Sauke yara 50 daga mota, a ƙirga su, a jera su, a biya kuɗin shiga, a sake ƙirgawa a mayar da su, yana cin minti 25 zuwa 30 a kowane wuri, kafin a ga ko da ƙwarya ɗaya. Wuri uku ya isa yini.

Ga tsarin da muke ganin zai zauna. Yara su hallara bayan sallar asuba, mota ta ɗaga ƙarfe 6:30. Wajen 9:00 kuna cikin gari. Ku fara da Gidan Makama, dab da fadar Sarki, ginin da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15. A nan za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa Kano a 1903. Ɗakunan ba su da faɗi, saboda haka raba yaran gida uku, kowane rukuni ya shiga da nasa malamin, in ba haka ba 'yan gaba goma ne kawai za su ji bayanin mai zagayawa da ku. Awa ɗaya da rabi ya wadatar.

Daga nan marinar Ƙofar Mata ba nisa. Wannan wurin darasin kimiyya ne tsagwaronsa: a roƙi marini ya tsoma ƙyalle a gaban yara, su ga yadda yake fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Su tambaye shi aikin baba da toka da katsi, da kwanakin da rini ke yi kafin ya nuna. Amma a kula, bakin rijiyoyin daidai yake da ƙasa, wasu a buɗe, kuma zurfinsu ya fi tsayin mutum. A shiga goma-goma, ba gudu, ba ja da baya don ɗaukar hoto. A tanadi ɗan abin hasafi ga marinan, sana'arsu aka tsayar.

Azahar da cin abinci a yi su a gidan namun daji na Audu Bako, wanda aka fi sani da Gidan Zu, don akwai inuwa da filin zama. Shi za a bari ƙarshe da gangan, don duk yaron da ya fara ganin biri da jimina ba zai sake sauraron tarihin Rumfa ba. Ƙarfe 3:30 kowa na cikin mota.

Dutsen Dala fa? In ana so, shi za a fara da shi da sanyin safiya, a cire ɗaya daga cikin ukun. Hawa da rana tsaka da yaran da suka tashi tun asuba neman suma ne. Kasuwar Kurmi kuwa, duk da tarihinta, lungunanta ba na shiga da yara 50 ba ne. In 'yan sakandare ne muna iya ba da shawarar Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ko gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja. Kowane wuri dai a aika masa wasiƙa aƙalla mako biyu kafin ranar, sannan malami ɗaya ya je da ƙafarsa ya ga ƙofar shiga, da wurin ajiye mota, da banɗaki, ya karɓo lambar wanda zai tarbe ku. Kuma a guji Juma'a, don titunan cikin birni na toshewa tun kafin azahar.

Tambaya: Ni ce ma'ajin kwamitin tafiya a makarantarmu a Zariya. Bara kuɗi suka yanke mana a hanya, malamai suka yi karo-karo. Yaya ake yanka kuɗin da kowane yaro zai biya?

Amsa: Malama, abin da ya faru da ku kusan kullum daga wuri uku yake fitowa: an raba kuɗin da adadin kujeru maimakon adadin masu biya, an manta cewa malamai da direbobi ma baki gare su, kuma ba a ajiye komai don ko-ta-kwana ba.

Bari mu buga misali. Alƙaluman nan na koyon lissafi ne kawai, ki sa farashin garinku na ranar. A ce yara 50, manya 6, direbobi 2, a Coaster biyu. A ce shatar motocin ta kama naira 400,000. Abincin mutum 58 a kan 2,000 ya zama 116,000. Ruwa: kowa ya samu lita biyu, wato ledar fiya-wata huɗu, tunda kowace leda rabin lita ce. Ledoji 232 ke nan, jaka 12 mai cin ashirin-ashirin, amma ki sayi 15 saboda alwala da wanke hannu, a ce 7,500. Kuɗin shiga wurare na mutum 56, a ce 28,000. Akwatin magani da katin waya da buga takardu da kuɗin fakin, a ce 18,500. Jimla 570,000. Ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ya zama 627,000.

A nan ake faɗawa rami. In kika raba da 50, kowa zai biya 12,540. To amma cikin yara 50 da suka ɗaga hannu a aji, da wuya a rasa biyar da za su janye, ko marayu da makaranta za ta ɗauke wa. Mai mota kuwa ba ya rage ko sisi don kujera ta tafi ba kowa. Raba da 45, ki samu kusan 14,000. Shi za ki faɗa wa iyaye tun farko. Ya fi sauƙi a mayar wa uba canji bayan an dawo, da a koma masa ana neman ciko saura kwana biyu.

A rufe karɓar kuɗi mako biyu kafin tafiya. A rubuta a takardar iyaye cewa wanda ya fasa bayan an ba mai mota kafin alƙalami, kuɗin abinci da na shiga kawai za a mayar masa. Kowane biya da rasiɗi, mai karɓa daban, mai riƙe littafi daban. Ranar tafiya kuɗin ko-ta-kwana su kasance tsaba, a raba su hannun malamai biyu a motoci daban-daban, don taransifa na iya maƙalewa a daidai inda taya ta fashe. Bayan an dawo a karanta lissafin a taron iyaye da malamai. Makarantar da ta yi haka ba ta shan wahalar tara kuɗi baɗi.

Tambaya: 'Ya'yana biyu za su bi makarantarsu daga Funtuwa zuwa Kaduna. An sa ni cikin iyayen da za su duba mota, ni kuwa ba makaniki ba ne. Me zan duba?

Amsa: Alhaji, ba sai ka iya kwance inji ba. Abu na farko, ka ga motar da idonka kwana biyu kafin tafiya, ka rubuta lambarta, ka ga direban da zai ja ta da lasinsa. A sa lambar motar da sunan direban cikin yarjejeniya, domin abin da ya fi faruwa shi ne a nuna muku mota lafiyayya, ranar tafiya da asuba a turo wata, a ce waccan ta tafi Legas. A lokacin yara sun riga sun taru, ba mai iya cewa a fasa. A rubuta cewa in aka sauya mota ba da saninku ba, za a dawo da kafin alƙalami. Kada a biya duka sai an dawo, rabi ya isa. A fayyace wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin tasha, kuma in mota ta lalace wa zai kawo wata.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai suɗe ba. Tsohuwar taya 'yar gwanjo takan yi kyau a ido, amma robar ta bushe, zafin kwalta da nauyi su sa ta fashe. Duba ƙananan tsaga a gefe, da kumburi kamar ƙari. Ka sa a fito da safaya a gabanka, a taɓa ta a ji da iska, a nuna maka jak da abin kwance noti. Motoci da yawa na yawo da safayar da ita ma faci take jira.

Ka sa direba ya kunna waifa, tunda damina ce, da fitilun gaba da na birki da sigina. Ka leƙa ƙarƙashi ko mai ko ruwa na ɗiga. A zagaya da kai kaɗan ka ji ko birki na ja gefe ɗaya ko yana ƙara. Gongonin kashe gobara ya kasance allurarsa na kan kore. Takardun mota da inshora su kasance da sauran kwana.

Kujeru kuwa, ƙirga su da hannunka, kada ka karɓi "tana cin talatin". Yaro ɗaya kujera ɗaya. Maganar "ai yara ne, a matse su huɗu-huɗu" ita ce ke sa a ɗora wa ƙaramar bas nauyin da birkinta ba zai iya ba. Ba mai zama kan inji ko bakin ƙofa. Malami ɗaya a gaba kusa da direba, ɗaya a kujerar ƙarshe. Na gaban aikinsa ido a kan mita: dokar hanya ta kayyade wa bas kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. A sha mai tun daren jiya, ba a shiga gidan mai da yara cike da mota. Direba ya kwana a gari ya yi barci, ba wanda ya iso daga doguwar tafiya da tsakar dare ba. In motoci biyu ne, a sa wadda ta fi rauni a gaba, kuma a hana su tsere. Jerin sunayen fasinjoji a yi kwafi uku: ɗaya a mota, ɗaya hannun shugaban tafiya, ɗaya a makaranta. Lambar gaggawa ta FRSC 122 ce, kowane malami ya adana ta.

Tambaya: Muna koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Kaduna. Muna so 'yan ajin ƙarshe su ga zaman Majalisar Tarayya a Abuja, kuma muna tunanin jirgin ƙasa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, fara da kalanda. Majalisa ta saba zama ne Talata da Laraba da Alhamis, kuma takan tafi dogon hutunta na shekara wajen ƙarshen Yuli sai Satumba. Makarantu da dama kan sa tafiyarsu makon da aka gama jarrabawa, su isa su tarar da zaure ba kowa. In zama kuke son gani, ku sa tafiyar a Yuni ko farkon Yuli, ku kuma sake tabbatarwa saura kwana uku, don ana ɗage zama ba shiri.

Wasiƙa zuwa ga Akawun Majalisa za ku rubuta, wata ɗaya zuwa makonni shida kafin ranar, a kan takardar makaranta mai hatimi, da ranar da kuke so, da wata ranar ta biyu, da sunayen ɗalibai da malamai duka. Ku kai kwafi ofishin ɗan majalisar mazaɓarku, shi ne zai fi saurin bin sawunta. Kada ku tashi sai da amsa a rubuce a hannu, masu tsaron ƙofa ba sa aiki da "an ce mu zo". Ku ware awa guda don bincike a ƙofa. Ɗalibai cikin yunifom da katin makaranta, jakunkuna a bar su a mota. A sama ake zaunar da baƙi, ba tafi, ba magana. Kuma a gargaɗe su kan ɗaukar hoto a yankin, tunda nan fadar shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli suke.

Kafin ranar su san abin da za su gani: sanatoci 109 a zaure mai jan kujeru, wakilai 360 a mai kore, da sandar majalisa wadda ba a zama sai tana kan teburi. Ɗalibin da ya san wannan zai bi abin da ake yi, wanda bai sani ba barci zai yi.

Jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, wanda aka buɗe a 2016, kilomita 186 ne. Ga yara da yawa shi kansa jirgin rabin ziyarar ne. Amma yana da nasa sharuɗɗa. Tikiti da suna ake sayarwa, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a ƙarshen 2022 bayan harin watan Maris na shekarar ake neman lambar NIN, saboda haka ku je ofishin tasha da jerin sunaye tun da wuri ku ji yadda za a yi da rukuni. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Tashar Idu kuma a bayan gari take, dole bas ta riga ku isa tana jira, wato shatar mota ba ta faɗi ba. In lokacin jirgin safe bai ba ku damar isa kafin a fara zama ba, sai ku je ranar da ta gabata ku kwana. In ta mota ce, ribar ita ce tsayawa a ga Dutsen Zuma, a fito da takardar naira 100 a gwada.

Batun tsaro ba a yanke shi da labarin bara. Ku nemi izinin ofishin ilimi na shiyya a rubuce, ku sanar da 'yan sanda, ku tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon. Kada a baza rana da sa'ar tashi a Facebook, hotuna su jira sai an dawo. In kwana ya kama, makarantar kwana mai katanga da maigadi ta fi otal: maza da mata gini daban, malami ko malama a bakin ƙofar kowane ɗaki, kowa da gidan sauronsa. Washegari Babban Masallacin Ƙasa da filin shaƙatawa na Millennium sun isa kafin a juyo.

Tambaya: 'Yata mai shekara 13 tana da sikila. Tana ta kuka sai ta bi 'yan ajinsu daga Katsina zuwa Kano. Babanta ya bar min zaɓi. In bar ta?

Amsa: Hajiya, in likitan da ke ganinta ya amince, kuma ba ta yi ciwo kwanan nan ba, tafiyar yini ɗaya ba ta gagare ta ba. Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, gajiya mai yawa, da zazzaɓi. Duk huɗun kuwa tafiyar makaranta na iya haɗa su. Yara mata musamman sukan ƙi shan ruwa don kunyar cewa a tsaya, wannan shi ne haɗarin. Ki samu malamar da za ta riƙe ta ki gaya mata baki da baki, ta riƙa tuna mata sha, kuma a tsaya duk bayan awa biyu ko ba wanda ya nema. Ki sa mata rigar sanyi da kayan canji a leda, kada ruwan sama ya jiƙa ta ta zauna da jiƙaƙƙun kaya, kada kuma a zaunar da ita saitin iskar taga ko na'urar sanyaya mota. Hawan Dala ba nata ba ne, ta jira a ƙasa da malama. Magungunanta da katin asibiti su kasance hannun malamar, da rubutaccen bayanin yadda ake ba ta. In ta fara ciwon ƙashi mai tsanani, ko zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa kai tsaye, ba a jira a gama zagaye.

Wannan ya shafi makarantu duka. Takardar izinin iyaye ta tambayi sikila da asma da farfaɗiya da abincin da yaro ba ya ci, da lambobin waya biyu. Yarda ta baki ko ta bakin yaro ba yarda ba ce. Duk tafiyar da ke da 'yan mata dole da malamai mata, in sun yi kaɗan a ɗauki uwa ɗaya ko biyu daga kwamitin iyaye, a kuma sa audugar mata a akwatin magani ba sai an tambaya ba. Akwatin ya ƙunshi filasta, bandeji, auduga, aidin, almakashi, safar hannu, farasitamol, ledojin amai, da ƙullin gishiri da sukari na ORS. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci ma na kwantar da yara fiye da yadda ake zato. Shinkafa da miya ko alalar da aka dafa ƙarfe huɗu na asuba, aka rufe a kula cikin mota mai zafi har ƙarfe ɗaya, ta riga ta fara juyawa ko ba ta yi tsami ba. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi ba. Ko dai a yi oda a can a kawo shi da zafinsa, ko a riƙe abin da ke jure hanya: gurasa, biredi, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, lemo, ayaba. Kunun aya da fura da nono a bar su gida. Mai amai a mota ya karya da abu kaɗan marar maiƙo, ya zauna gaba, ya riƙa kallon nesa.

Tambaya: Sabuwar malama ce ni, an ba ni yara 'yan aji huɗu. Babban tsorona yaro ya ɓace a birni.

Amsa: Malama, yaro ba ya ɓacewa a tsakiyar zagaye, a mahaɗa yake ɓacewa: wajen banɗaki, wajen mai sayar da alewa, da lokacin komawa mota. Kuma yakan ɓace ne idan malamai shida na kula da yara 50 a dunƙule, kowa na zaton wani na kallo. A raba su: 'yan firamare takwas zuwa goma ga kowane babba, sunayensu a takarda a hannunsa, daga safe har dare ba sauyi. Cikin rukuni kowane yaro da abokin tafiyarsa. Shugaban tafiya kada a ba shi rukuni, hannunsa ya zama a sake.

Ƙirga a kowace ƙofa, shiga da fita, da kiran suna da ganin fuska. "Kowa ya shigo?" ba ƙirga ba ce, don yara "e" za su ce. Ba mai sauya mota a hanya, nan ne kowace mota ke zaton yana ɗayar. Kowa ya sa yunifom, da kati a aljihu mai sunan makaranta da lambar malamai biyu. Da an isa wuri a nuna musu inda za su tsaya in sun rabu da jama'a, a ce kada su fita ƙofa, kada su bi kowa, su nemi ma'aikacin wurin.

In ya faru, a zaunar da sauran wuri ɗaya da malamai biyu. Mutum ɗaya ya ruga ƙofar fita ya sanar da masu gadi, wani ya koma inda aka yi ƙirgar ƙarshe, wani ya duba banɗaki da cikin mota, har ƙarƙashin kujeru, don sau da yawa barci ne ya kwashe shi. Kada a aiki yara nema. Minti 15 ba labari, a sanar da 'yan sanda da hedimasta. Hoton kowane rukuni da aka ɗauka da safe a nan yake amfani.

Tambaya: Daga Maraɗi nake, ina koyarwa a wata kwaleji. Muna so mu kai 'yan lakwal Yamai. Kwana nawa za mu ware?

Amsa: Mushe, uku: yini zuwa, yini a gari, yini dawowa. Hanyar ta haura kilomita 600, ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, saboda haka a tashi da asuba a isa da rana a sama. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, shi kaɗai zai ci safiya: ga namun daji, ga ƙasusuwan dinaso da aka haƙo a yankin Agadas, ga busasshiyar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, ga masu sana'ar hannu. Da yamma a tsallaka gadar Kennedy a ga kogin Isa, wato kogin Neja, da jami'ar Abdou Moumouni. Ku riƙe takardar izinin tafiya daga hukumar ilimi, da jerin sunaye mai hatimi, da katin kowane ɗalibi, saboda shingayen jandarma. In kuɗin kwana biyu sun yi wa iyaye nauyi, Damagaram ba ta kai kilomita 250 ba ta Tasawa, ga fadar Sarki da unguwar Birni, kuma ita ce hedikwatar Nijar har 1926.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan aji uku na ƙaramar sakandare. An hana mu tafiya da waya, kuma an ce kowa sai ya rubuta rahoto. Wannan adalci ne? Kuma za mu yi ƙasaru?

Amsa: Ɗana, hanin waya na da dalili: tana ɓata, ana fizge ta a cunkoso, kuma mai kallon waya shi ake bari a baya. Ku roƙi a naɗa malami ɗaya mai ɗaukar hoto, a tura wa iyaye bayan an dawo. Rahoto kuwa ba zai yi maka wuya ba in ka tafi da ƙaramin littafi da tambayoyi uku da ka rubuta tun daga gida don kowane wuri: wa ya gina, yaushe, da me ake amfani da shi yanzu. Rubuta amsar nan take da sunan aikin wanda ya ba ka ita. Kuɗin kashewa ka raba su aljihu biyu, tsarabar ƙannenka kuma ka bari sai malami ya ba da lokaci.

Ƙasaru a mazhabar Malikiyya tana farawa ne daga tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80 zuwa kawai. In tafiyarku ta kai haka, azahar da la'asar raka'a biyu-biyu ne, malaminku na addini zai tsara muku lokaci da wuri. Ka sa buta ƙarama a jakarka, kuma ka gaya wa Baba ƙarfe nawa aka ce za a sauke ku, don makaranta ba za ta sake ka ka tafi gida kai kaɗai ba sai wanda ya sa hannu a takarda ya zo.